Allurar kashe jijiya bayan tiyatar karayar ƙashin baya: wace hanya ce ta dace da wane majinyaci?

Yawancin karayar ƙashin baya da ke kaiwa ga tiyata tana faruwa ne a mahaɗar ƙirji da ƙugu, wato tsakanin gaɓar da likitoci ke kira T11 da wadda suke kira L2, domin a nan ne sashen da haƙarƙari ya ɗaure yake haɗuwa da sashen da ke lanƙwasawa. Aikin da aka saba yi shi ne a tsaga baya, a ɗaye tsokoki daga jikin ƙashi, a kafa kusoshi a gaɓoɓin da ke sama da ƙasan karayar, sannan a haɗa su da sandunan ƙarfe. Zafin da ke biyo baya yana da tsanani ƙwarai, musamman a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma illarsa ba ta tsaya ga wahalar da majinyaci yake sha ba. Wanda bayansa ke masa zugi ba ya jan numfashi sosai, ba ya yarda ya yi tari, ba ya son a juya shi ko a tashe shi zaune, kuma daga nan ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa da gyambon kwanciya suke samun ƙofa.

An daɗe ana dogaro da mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, da danginsa, amma suna kawo tashin zuciya, barci mai nauyi, taurin ciki da raunin numfashi. Wannan ya sa likitocin sa barci suka karkata ga hanyoyin kashe zafi a wurin da yake tasowa. Hanyoyi biyar ne aka fi tattaunawa a kansu: allurar ESP, allurar TLIP, bututun efidural, mofin a cikin ruwan laka, da zuba maganin kashe wuri a bakin yanka. Hukuncin ƙarshe na likitan sa barci ne da likitan tiyata, amma majinyaci da danginsa suna da haƙƙin sanin abin da ake aunawa kafin su sa hannu.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma wanda a ganina ya rinjayi sauran, shi ne ko hanyar tana barin likita ya gwada ƙafafun majinyaci bayan aiki. Da zarar mutum ya farfaɗo, ana ce masa ya motsa yatsun ƙafa, ya ɗaga gwiwa, ya faɗi ko yana jin taɓawa, kuma ana maimaita wannan gwaji dare da rana. Dalili kuwa shi ne jini zai iya taruwa ya danne laka, ko wata kusa ta kauce ta taɓa jijiya, kuma alamar farko ita ce sabon rauni ko mutuwar jiki a ƙafa. Idan aka gano da wuri aka koma ɗakin tiyata, ana iya ceto ƙafar. Idan aka ɗauka aikin allura ne aka jira gari ya waye, ana iya yin asarar da ba ta gyaruwa.

Sauran ma'aunan su ne ƙarfin sauƙin da ake samu da faɗin wurin da ya rufe, tsawon lokacin da yake ɗauka, haɗarin da ke tattare da shi, sauƙin yi da irin kulawar da yake buƙata daga ma'aikatan jinya, sai kuma kuɗi.

Akwai wani bayani game da jijiyoyi da zai sauƙaƙa fahimtar komai. Kowace jijiya da ta fito daga laka tana rabuwa biyu. Reshen gaba yana tafiya zuwa ƙirji, ciki ko ƙafafu, reshen baya kuwa yana komawa ga tsokokin baya, fatar da ke kansu da ƙananan mahaɗan ƙashin baya. Mafi yawan zafin yankan tiyata ta reshen baya yake bi. Saboda haka hanyar da ta kama reshen baya ta bar na gaba ita ce ta fi dacewa da ma'auni na farko.

Allurar ESP

Mauricio Forero da abokan aikinsa a Kanada ne suka fara bayyana wannan hanya a 2016, da farko domin ciwon jijiyar ƙirji, kafin ta bazu zuwa tiyatar baya. Ana zuba maganin ne a ƙarƙashin doguwar tsokar da ke miƙar da baya, daidai kan ɗan reshen ƙashin da ke fitowa ta gefen kowace gaɓa.

Galibi ana yinta bayan an sa majinyaci barci an kifa shi a kan gadon tiyata. Likita yakan ɗora kan na'urar sikanin ɗan nesa kaɗan da tsakiyar baya har sai reshen ƙashin ya bayyana da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa, sannan ya tura allura yana kallon tsininta har ta dafa ƙashin. Idan ya fara tura ruwa, sai a ga tsokar ta ɗago daga kan ƙashi, wani baƙin layi yana miƙewa sama da ƙasa. Wannan ne shaidar cewa maganin yana inda ake so. Ana maimaitawa a ɗaya gefen, domin yankan yana tsakiya. An fi zuba kimanin mililita 20 a kowane gefe na maganin kashe wuri, bufibaken ko rofibaken, da aka tsarma, kuma ruwan yakan bazu ya rufe gaɓoɓi da dama.

Babban abin da ya sa ta samu karɓuwa shi ne allurar tana tsayawa a kan ƙashi, nesa da laka da manyan hanyoyin jini. Matsin jini ba ya cika faɗuwa, ƙafafu yawanci suna nan da ƙarfinsu, kuma ba a tsaurara ƙa'idar magungunan tsinka jini a kanta kamar yadda ake yi wa efidural. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa tana rage yawan mofin da ake buƙata da tsananin zafi a ranar farko. Sai dai mafi yawansu an yi su ne a kan masu tiyatar ƙugu da aka tsara tun da wuri saboda zaizayar ƙashi, kuma ƙashin bayan da ya karye daban yake. Reshen ƙashin da ake nema zai iya kasancewa shi ma ya karye, jini ya taru a tsakanin tsokoki, tantanin da ke jagorantar ruwan ya yage. Shi ya sa likitoci da yawa suke zaɓar gaɓa mai lafiya a sama da karayar, kuma suke fifita yin allurar kafin a yi yanka, domin bayan an rufe, iskar da ta shiga nama tana ɓata hoton sikanin.

Rauninta a bayyane yake. Bazuwar maganin ba ta da tabbas: wani zai farka kamar ba a taɓa shi ba, wani kuma sauƙin da zai samu kaɗan ne. Allura guda takan yi aiki na awa 12 zuwa 24, kuma idan ta sake, zafin yakan dawo da ƙarfi, sau da yawa cikin dare, don haka dole a riga an fara wasu magunguna kafin lokacin. Ana iya barin siririn bututu domin ci gaba da zuba magani, amma likitocin tiyata da yawa ba sa son wani abu daga waje ya zauna kusa da sabon ƙarfe saboda tsoron ƙwayoyin cuta. An kuma samu rahotannin raunin ƙafa na ɗan lokaci idan aka yi ta a ƙugu, da hujewar tantanin huhu idan aka yi ta a ƙirji, duk da cewa ba kasafai ba.

Haɗarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne gubar maganin idan ya yi yawa a jini, tunda gefe biyu ake yi kuma tsoka tana tsotse shi da sauri. Iyakar da aka saba bi ga bufibaken ita ce kusan miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mililita 40 na mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari miligiram 100 ke nan, wanda bai kai iyakar mai kilo 60 ba, amma ya haura ta tsohuwa mai kilo 45. Alamun gubar sun haɗa da ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓe, ƙara a kunne, rikicewar hankali, jijjiga da rikicewar bugun zuciya. Maganinta wani farin ruwan mai ne mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari da ake turawa ta jijiyar jini, kuma bai kamata a yi irin wannan allura a inda babu shi a kusa ba.

Ta fuskar kuɗi, maganin da allurar ba su da tsada. Abin da ke da tsada shi ne na'urar sikanin da hannun da ya ƙware a kanta.

Allurar TLIP

An bayyana ta a Amurka a 2015. Maimakon a je kan ƙashi, ana zuba maganin a tsakanin tsokar da ke manne da tsakiyar baya da wadda ke biye mata, inda rassan baya suke ratsawa, yawanci a daidai L3, gaɓar ƙugu ta uku. Daga baya an fito da wani salo da ake yi a ɗan waje, tsakanin tsoka ta biyu da ta uku. Ta fi ESP tsayawa kan reshen baya kawai, don haka yiwuwar ta taɓa ƙafa ƙarami ne ƙwarai, kuma tsawon aikinta da kuɗinta kusan ɗaya ne da na ESP.

Amma ga mai karaya iyakarta tana da yawa. A ƙugu kaɗai take aiki, alhali kusoshi sukan haura zuwa gaɓoɓin ƙirji. Babu ƙashin da zai tsayar da allura, kuma layin da ke tsakanin tsokokin yana wuyar gani a jikin tsofaffi da tsokarsu ta shanye ko a bayan da ya kumbura. Wuri ne kuma da likitan tiyata zai ratsa, ruwan na iya malalewa ta cikin yankan.

Bututun efidural

Idan ƙarfin kashe zafi kawai ake aunawa, wannan ce kan gaba. Ana sa siririn bututu a sararin da ke wajen tantanin laka, kuma idan an buɗe ramin laka yayin aiki, likitan tiyata da kansa zai iya ajiye shi yana gani kafin ya rufe. Daga nan famfo yana tura maganin kashe wuri mai rauni, wani lokaci haɗe da ɗan dangin mofin, har kwana biyu ko uku, ana ƙarawa ko ragewa gwargwadon buƙata. Babu wata hanya cikin biyar ɗin da ke rufe kwanakin zafi gaba ɗaya kamar wannan.

Sai dai ita ce ta fi cin karo da ma'auni na farko, domin tana kama rassan gaba da na baya duka. Ƙafa na iya yin nauyi ko ta mutu, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta zo gwaji da ƙarfe biyun dare ta tarar majinyaci ba ya iya ɗaga babban yatsansa na hagu ba ta da hanyar bambance aikin magani da jinin da ke danne laka. Abin da ake yi shi ne a tsayar da famfon a jira, idan ƙarfi bai fara dawowa cikin 'yan awanni ba a garzaya ɗaukar hoto. Wannan ya sa wurare da yawa ba sa fara tura maganin sai majinyaci ya farka an tabbatar ƙafafunsa suna motsi.

Matsala ta biyu ita ce faɗuwar matsin jini. Lakar da ta ji rauni tana buƙatar jini ya riƙa isarta da ƙarfi; ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka na Amurka suka fitar a 2013 ta nemi a riƙe matsakaicin matsin jini tsakanin 85 da 90 a makon farko bayan raunin laka. Efidural yana ja ne ta kishiyar hanya. Ta uku, karayar da ta farfasa gaɓa takan yaga tantanin laka, kuma ta wannan yagewar magani zai iya shiga ruwan laka ya yi aiki fiye da yadda aka nufa. Ta huɗu, masu karayar baya kusan dukkansu ana ba su allurar hefarin domin hana daskarewar jini, kuma dole a daidaita lokaci: a bar aƙalla awa 12 bayan allurar rigakafi kafin a zare bututun, sannan a jira awa 4 kafin a ba da ta gaba. Kuskure a wannan lissafi na iya haifar da ainihin tarin jinin da ake gudu. Ga kuma riƙewar fitsari, wadda takan tilasta barin robar fitsari.

Ita ce mafi tsada, saboda famfo, jakunkunan magani da ma'aikatan da za su riƙa zagayawa.

Mofin a cikin ruwan laka

Wannan ba kashe jijiya ba ne a zahiri, amma kullum ana sa shi a sikeli ɗaya da sauran. Ana tura ɗan mofin kaɗan, galibi miligiram 0.1 zuwa 0.3 na nau'in da ba a sa masa sinadarin adanawa ba, cikin ruwan da laka ke ciki, sau ɗaya tak. Yana ba da sauƙi mai ƙarfi na awa 18 zuwa 24, ba ya raunana ƙafa, ba ya hana jin taɓawa, kuma maganin yana da araha sosai. Ta wannan fuska ya cika ma'auni na farko fiye da efidural.

Haɗarinsa a numfashi yake, kuma yana zuwa a makare. Mofin yana tafiya a hankali cikin ruwan laka zuwa sama, yana iya rage numfashi awanni da yawa bayan an gama aiki, lokacin da kowa ya saki jiki. Saboda haka ana buƙatar a riƙa ƙirga numfashi da duba farkawar majinyaci har tsawon awa 24, da maganin naloksan, mai warware aikin mofin, a kusa, kuma a yi hattara da ƙara wani dangin mofin ko maganin barci a kai. Ƙaiƙayi, tashin zuciya da riƙewar fitsari sun zama ruwan dare, kuma hujin da aka yi a tantanin na iya yoyo ya kawo ciwon kai. Arahar maganin tana ruɗi, tunda gadon da ake sa ido a kansa shi ne ainihin kuɗin.

Zuba magani a bakin yanka

Likitan tiyata yana tura maganin kashe wuri cikin tsoka da fata kafin ya ɗinke. Ba ya buƙatar sikanin ko wata ƙwarewa ta musamman, haɗarinsa kaɗan ne matuƙar an kiyaye iyakar magani, kuma shi ne mafi araha. Sauƙinsa na 'yan awanni ne kuma bai cika kaiwa can ciki ba. Akwai wani nau'in bufibaken mai sakin kansa a hankali, Exparel, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011. Yana da tsada sosai, kuma fifikonsa a kan na gama-gari bai fito fili ba a gwaje-gwaje da dama. Idan an riga an yi ESP, dole a haɗa lissafin magungunan biyu wuri ɗaya.

| Hanya | Ƙarfi | Tsawon aiki | Gwajin ƙafa | Babban haɗari | Sauƙin yi | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| ESP | Matsakaici, yana bambanta | Awa 12 zuwa 24 | Yawanci yana yiwuwa | Gubar magani | Sai da sikanin | Matsakaici |
| TLIP | Matsakaici, ƙugu kawai | Kusan kamar ESP | Yana yiwuwa | Gubar magani, kuskuren wuri | Ya fi ESP wuya | Matsakaici |
| Efidural | Mafi ƙarfi | Kwana 2 zuwa 3 | Yana iya rikicewa | Faɗuwar matsin jini, tarin jini | Kulawa mai yawa | Mafi tsada |
| Mofin a ruwan laka | Mai ƙarfi | Awa 18 zuwa 24 | Yana yiwuwa | Raunin numfashi | Yi da sauƙi, sa ido da wuya | Magani araha, gado tsada |
| Bakin yanka | Mai rauni | 'Yan awanni | Yana yiwuwa | Kaɗan | Mafi sauƙi | Mafi araha |

Ko wacce aka zaɓa, ana ɗora ta ne a kan wasu magunguna. Farasitamol a kan lokaci, ba fiye da giram 4 a rana ga babba mai lafiyar hanta ba, shi ne tushe. Dangin ibufurofen suna taimakawa sosai, amma ana auna su da lafiyar ƙoda, zubar jini da gyambon ciki, kuma wasu likitocin tiyata suna taƙaita su saboda damuwar cewa yawansu na tsawon lokaci zai iya jinkirta haɗewar ƙashi. Mofin yana nan a ajiye domin zafin da ya ƙetare shinge.

Wace ce ta wa?

Ga babban mutum da ya karye a mahaɗar ƙirji da ƙugu, lakarsa lafiya, za a buɗe baya a sa kusoshi, ESP a gefe biyu kafin yanka ita ce zaɓin da ya fi daidaita riba da haɗari, muddin an shirya abin da zai karɓe ta idan ta sake.

Idan ta ƙananan huji za a sa kusoshin ba tare da ɗaye tsoka ba, zafin bai kai na buɗaɗɗen aiki ba, kuma zuba magani a bakin hujin, ko ESP guda, yakan wadatar. Haka ma aikin cusa siminti a gaɓar da ta lotsa saboda laushin ƙashi, wanda sau da yawa da maganin kashe wuri kaɗai ake yinsa.

Wanda lakarsa ta ji rauni, musamman raunin da bai yanke komai ba har akwai sauran motsi da ake fatan ceto, ya kamata a nisanta shi daga duk abin da zai saukar da matsin jini ko ya rikita gwajin ƙafa. Efidural ba nasa ba ne a mafi yawan lokuta, kuma ko ESP ɗin ma gara a yi ta da magani mai rauni, likitan tiyata yana sane.

Tsoho, ko mai yankewar numfashi cikin barci, ko wanda ya haɗa da raunin kai ko na huhu, mofin a ruwan laka yana da haɗari a gare shi. ESP ta fi masa, da lissafin magani bisa nauyinsa na gaskiya, kuma idan akwai karayar haƙarƙari a gefe, allurar da aka yi a gaɓoɓin ƙirji tana iya rage wannan zafin ma.

Mai shan maganin tsinka jini saboda zuciya ko daskarewar jini, hanyoyin da ke shiga ramin laka, wato efidural da mofin a ruwan laka, su ne na farko da za a cire daga lissafi.

Doguwar tiyata mai gaɓoɓi da yawa, a jikin mai ƙarfi wanda lakarsa da tantaninta ba su taɓu ba, a asibitin da ke da ma'aikatan da ke gwada ƙafa da matsin jini dare da rana, a nan ne efidural yake biyan wahalarsa. Inda akwai gadon sa ido amma babu famfo, mofin a ruwan laka yana rufe daren farko da kyau.

Wanda ya daɗe yana shan dangin mofin kafin karayar, jikinsa ya saba, kuma ba a yanke masa maganinsa kwatsam. Ana ci gaba da ba shi adadin da ya saba, a ƙara ESP ko efidural idan babu abin da ya hana, sannan a haɗa da ɗan ketamin, wani maganin sa barci mai rage zafi, ta jijiyar jini yayin aiki. TLIP kuwa wurinta shi ne gajeren aiki a tsakiyar ƙugu ko ƙasansa, a hannun likitan da ya saba da ita. A asibitin da babu sikanin ko babu farin ruwan maganin guba, zuba magani a bakin yanka cikin iyaka, tare da farasitamol a kan lokaci da mofin da ake ba da shi ana duba numfashi, ya fi allurar da za a yi da lalube aminci.